Yini ɗaya a Bora Bora daga jirgin ruwa: amsoshin tambayoyin da ake ta yi min

Tun da muka dawo ni da maiɗakina ba a bar ni na huta ba, duk wanda ya ga hoton ruwan nan sai ya ce wai da gaske haka yake ko an ƙara masa kala. To ga tambayoyin da suka fi maimaituwa na haɗa su wuri ɗaya. Mu dai yini ɗaya tak muka yi a tsibirin, daga safe zuwa yamma, cikin tafiyar babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido, don haka abin da zan faɗa na mai yini ne ba na wanda ya kama otal na sati ba.

Wai ina ne ma Bora Bora ɗin nan, ƙasa ce mai kanta?

A'a ba ƙasa bace. Ƙaramin tsibiri ne a tsakiyar tekun Fasifik ta kudu, cikin yankin da ake kira Folinesiya ta Faransa, babban birninsu Papeete yana tsibirin Tahiti, fiye da kilomita 200 tsakaninsu. Faransa ta mamaye shi a 1888, kuma har yau yankin yana ƙarƙashinta duk da suna da gwamnatinsu da majalisarsu. Mutanen tsibirin sun ɗan haura 10,000, wato bai kai wata unguwar a Kano ba. Suna jin Faransanci da yarensu na Tahiti, masu aiki da baƙi kuma suna ɗan taɓa Turanci. Wani abin da direbanmu ya faɗa mana, yarensu babu harafin B, su asali Pora Pora suke cewa, bakin Turawa ne ya juya shi.

Siffarsa ita ce abin mamakin. Tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu tuntuni, ƙololuwarsa Otemanu tana da tsayin mita 727, kusa da ita akwai Pahia, sannan katangar murjani da wasu siraran tsibirai da suke kira motu sun zagaye shi kamar zobe. Ruwan da ke tsakanin zoben da dutsen shine kwantaccen tafkin da kuke gani a hoto, kuma ƙofa ɗaya ce tal da babban jirgi zai iya bi ya shiga, sunanta Teavanui.

Jirgin yana zuwa har baki ne ku sauka?

Baya zuwa. Yana shiga ta ƙofar nan da sassafe ya jefa anga a cikin tafkin daura da garin Vaitape, sai a sauke ƙananan jiragen fito daga jikinsa su riƙa jigilar mutane zuwa gaɓa, 'yan mintuna ne. Kafin ka fita za a duba katinka na jirgi a na'ura, in ka dawo ma haka, da shi suke sanin waye a ciki waye a waje, don haka katin nan ka riƙe shi kamar ranka.

Shawarata kar ka yi barcin safe ranar. Ni bayan asuba ban koma ba, na hau saman jirgi na tsaya, kana ganin ruwan teku baƙi-baƙi shuɗi mai duhu, kuna wuce ƙofar sai ya fara washewa, ya koma kore, ya koma wani launi da ni dai ban san sunansa da Hausa ba sai dai in ce kamar an narka alli mai shuɗi a madara, ga dutsen a gaba gajimare ya naɗe masa kai kamar rawani. Babu abin da na iya cewa sai Subhanallah.

Awa nawa ake samu?

Ya danganta da jirginku, wasu ma suna kwana. Mu daga wajen takwas na safe zuwa biyar na yamma. Amma kar lissafin ya ruɗe ka, cire layin jiran jirgin fito da safe, waɗanda suka sayi yawon da kamfanin jirgi ya shirya su ake fara saukewa, sannan cire na dawowa, abin da zai rage maka na gaske bai fi awa shida ko bakwai ba.

To da wannan ɗan lokacin me ya kamata mutum ya yi?

Nan ne fa nake so a saurare ni. Ka zaɓi abu ɗaya ka yi shi da kyau, kuma abin nan ya zama ruwa. Na ga mutanen da suka sauka suka yi ta zagaye shagunan Vaitape a cikin rana suna sayen riguna da 'yan kayan adon da ake mannawa a firij, azahar na yi suka koma jirgi cin abinci, da daddare suna cewa wai wurin ba wani abin a zo a gani. Gaskiyarsu ta wani ɓangaren, Vaitape ƙaramin gari ne mai titi ɗaya, coci, banki, ofishin jandarma, kantuna, karnuka kwance a inuwa da kaji suna tsallaka hanya, ba don shi aka tsallako rabin duniya ba. Kyan Bora Bora yana cikin tafkin, wanda bai shiga kwalekwale ya fita tsakiyarsa ba bai ga komai ba.

Mu yawon rabin yini muka ɗauka a ƙaramin kwalekwale mai inji, irin nasu mai wani dogon itace a gefe da ke hana shi kifewa. Matuƙin wani dattijo ne ɗaure da zanensu da suke kira pareu, fure a bayan kunne, yana tuƙi yana kaɗa wata 'yar ƙaramar garaya tasu. Ya tsaya da mu wuri uku, ɗaya inda ruwa iya ƙugu ne, ɗaya a kan lambun murjani, na ƙarshe a wani motu inda ya fasa mana kwakwa da wani tsinin itace da ya kafa a ƙasa, bugu uku ya ɓare ta tas, ya kankare ta ya matse madarar a cikin ƙyalle muna kallo. Wannan awa huɗun su ne tafiyar gaba ɗaya a wajena.

In kuɗin yawon ya yi maka yawa, don ba arha yake ba, hau tasi ko motar haya ka tafi bakin ruwan Matira a can ƙarshen kudu. Na kowa da kowa ne ba a biyan ko sisi, farin yashi ne mai laushi, kuma zaka yi ta tafiya cikin ruwan da nisa bai wuce ƙirjinka ba.

Ni fa ban iya ruwa ba ko kaɗan.

Maiɗakina ma haka, ko a kogin garinsu bata taɓa shiga ba. Ana ba da rigar da ke hana nitsewa, ka nema tun kafin kwalekwale ya tashi kuma ka faɗa wa matuƙi ƙarara cewa baka iya ba, babu kunya a ciki, sun saba. Ita a wurin da ruwa yake iya ƙugu ta sauka tana riƙe da igiyar kwalekwale, aka bata gilashin ido da bututun numfashi, ta sunkuya ta leƙa sau ɗaya, ta ɗago tana ta salati, daga nan kuma da ƙyar aka fito da ita. A wuri mai zurfin ta zauna a ciki abinta, ruwan garau yake kana hango kifi daga sama.

An ce akwai kifin shak, ba sa cizo?

Akwai su kam, da yawa ma. Irin da aka fi gani a tafkin ƙanana ne masu baƙin tabo a kan ƙayar baya, tsawonsu wajen mita ɗaya ko ɗan fi, kuma su ne ma ke kauce wa mutum. Tun 2006 yankin ya hana kamun su shi yasa suka yawaita. Akwai kuma wani kifi mai faɗi kamar faifai da doguwar jela, yana zuwa ya goge ka a ƙafa, jikinsa sulɓi. Jelar tana da ƙaya mai dafi, don haka ba a taka shi ba a kama jelar, in kana tafiya ka riƙa jan ƙafa a yashi maimakon ɗagawa. Abin da ya fi raunata mutane ma ba su bane, murjani ne, yana yanka kamar reza kuma ciwon baya saurin warkewa. Sa takalmin roba mai rufi, kar ka tsaya a kan murjani, kar ka ɓalle shi ka sa a aljihu, abu ne mai rai kuma yana daɗewa kafin ya tsiro.

In mutum baya son ruwa sam fa?

Titi ɗaya ne ya zagaye tsibirin, kimanin kilomita 32, ana iya hayar mota ko babur ko keke, ko a shiga motocin da ke hawa tudu. A saman tuddan akwai manyan bindigogin igwa da sojojin Amurka suka bari. A 1942 bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor suka kafa sansani a nan don jiragensu su riƙa shan mai a hanyar Ostireliya, sojoji dubbai, amma yaƙin bai taɓa isowa ba har suka tashi a 1946. Su suka gina filin jirgin saman da ke Motu Mute wanda har yau shi ake amfani da shi. Wajen Faanui kuma akwai tsohon wurin bautarsu na kafin zuwan mishan, marae suke ce masa, da zanen kunkuru a jikin dutse, a bakin titi yake in ba a nuna maka ba sai ka wuce.

Sallah fa, ina ake fuskanta?

Wannan tambayar ta fi kowacce yi min daɗi. Mu a gida gabas da alƙibla kusan abu ɗaya ne a bakinmu, to a can yamma ake kallo, yamma mai ɗan karkata arewa. Dalili kuwa kana kusan bayan duniya ne daga Makka, in ka huda ƙasa daga Ka'aba ka ɓullo ɗaya gefen, a cikin tekun wannan yankin zaka fito, kusa da wani ɗan tsibiri da ake kira Tematangi. Da na tsaya sallah na ba gabas baya sai da jikina ya yi wani iri. Ka sauke manhajar alƙibla da lokutan sallah mai aiki ba intanet tun kana gida.

Ni ban ga masallaci ba a inda na bi, don haka ka tafi da 'yar dardumarka a jaka. Mu matafiya ne, kasaru muka yi muka haɗa azahar da la'asar a ƙarƙashin bishiyar kwakwa a motu, matuƙin da ya gane abin da muke yi ya ja sauran mutane gefe ba tare da mun roƙe shi ba, Allah ya saka masa. Alwala kuwa ga ruwa nan iya ganinka, ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya zo a hadisi. Sai dai ka duba sama kafin ka shimfiɗa darduma, busasshiyar kwakwa tana faɗowa.

Abincinsu yana ciyuwa? Akwai halal?

Ka tsaya a kifi da kayan itatuwa ka huta. Suna cin alade sosai, musamman a girkinsu na gargajiya da ake binnewa a rami kan duwatsu masu zafi, sau da yawa komai a rami ɗaya yake, don haka ka tambaya. Kaza da naman sa kuma ba yankanmu bane. Abincin da suka fi alfahari da shi Faransawa na ce masa poisson cru, ɗanyen kifin tuna ne ake yankawa ƙanana a jiƙa da lemon tsami har ya yi fari, a zuba madarar kwakwa da tumatir da kokwamba da albasa. Na san Bahaushe da jin ɗanyen kifi zai yamutsa fuska, maiɗakina ko kallonsa bata yi ba, ni na ci kuma na ƙara, babu ƙarni ko kaɗan. Wanda bai iya ba akwai gasashshe.

Zaka ga abubuwan da ka sani, gwaza, rogo, dankalin Hausa, ayaba, gwanda, abarba, mangwaro in lokacinsa ne. Akwai kuma uru, wani ɗan itace mai girman kan yaro da ake gasawa, ɗanɗanonsa tsakanin doya da burodi. Dogon burodin Faransa yana ko'ina. Lemon da aka miƙo maka a kwalekwale ko otal ka tambaya ko an sa giya, don suna yawan haɗawa. Yaji dai babu, ka tafi da naka.

Wane kuɗi ake kashewa, kuma ana ciniki?

Kuɗinsu faran ne na Fasifik, 'yan uwanmu na Nijar kar ku ɗauka sefarku ce, dangi ne dai don Faransa ta ƙirƙire su tare a 1945 kuma duka an ɗaure su da yuro, amma ba a karɓar wannan a madadin wancan. Yuro ɗaya yana daidai da faran 119 da 'yan kai. Akwai na'urar cirar kuɗi a Vaitape, manyan shaguna suna karɓar kati, masu yawo da baƙi da yawa suna karɓar dala amma canjin ba zai yi maka daɗi ba. Komai da tsada saboda kusan komai jirgi ne ke kawo shi.

Ciniki kuma a'a, ba al'adarsu bace. Matan da ke sayar da sarƙar wuri da pareu a rumfar bakin tasha kuɗin da suka faɗa shine, in ka taya rabi kamar a Kantin Kwari ba za su yi faɗa ba, shiru kawai za su yi, kuma shirun nan ya fi faɗa nauyi. In ka sayi da yawa wata da kanta zata ƙara maka gyara. Ba a kuma tsammanin ka ba da ihsani bayan aiki kamar a Amurka, in ka bayar don ranka ya so ne.

Tsaraba me ake kawowa?

Pareu mai rinin hannu, mata za su yi ɗaurin ƙirji ko mayafi da shi. Man monoi, wato man kwakwa da aka jiƙa furen tiare a ciki, yana da kyau a gashi da fata. Banila ta tsibirin Tahaa da ke maƙwabtaka. Sai baƙin lu'ulu'u wanda shine abin da yankin ya yi suna da shi, in zaka sayi mai tsada ka saya a shago ka karɓi takardar shaida.

Mace mai hijabi zata sake a wurin?

Zata sake. Maiɗakina doguwar riga da wando na iyo ta sa da hular da ta rufe wuya, ba wanda ya ɗaga ido, hasali ma rufe jiki a ranar can gata ne, Turawan da suka tuɓe sun dawo jirgi jajawur kamar an yi musu ƙuna. Mu ma baƙar fata rana tana ƙona mu a kan ruwa, ku shafa man kariya a fuska da wuya. Abin da ya kamata ku sani dai a bakin ruwa zaku ga baƙi da shigar da ba mu saba gani ba, sai kawar da kai. Su 'yan garin a cikin gari suna da kamun kai daidai gwargwado.

In ranar ta faɗo Lahadi?

Yawancin shaguna a rufe, gari tsit. Mutanen Kiristoci ne masu riƙo, mata da fararen riguna da hulunan saƙa suna tafiya coci, ana jiyo waƙarsu daga titi. Yawon ruwa dai ana yi, amma ka shirya shi tun kafin ranar.

Su mutanen wurin suna murna da zuwanku kuwa?

Sun karɓe mu da fara'a, da kiɗa a bakin tasha. Amma ka yi tunani, gari mai mutum 10,000 a sauke masa baƙi 3,000 da safe ɗaya, titi ɗaya, ruwan sha da shara duk a kansu. Shi yasa daga 2022 aka ƙayyade baƙin jiragen ruwa a Bora Bora kar su wuce 1,200 a yini, manyan jirage sosai yanzu ba sa tsayawa, don haka in don tsibirin nan zaka sayi tikiti ka tabbata sunansa yana cikin jerin tashoshin. Ni na ga dacewar dokar. Wurin nan gidan mutane ne, zaka ga kaburburan iyayensu a tsakar gida a gaban ɗaki da furanni a kai, kar ka ɗaga waya ka hau ɗauka ba izini. Ka koyi kalma biyu, ia orana ita ce sallama, mauruuru na gode. Da na faɗa wa wata tsohuwa mai sayar da ayaba sai ta riƙe hannun maiɗakina tana ta magana da yarensu, ba mu ji ko ɗaya ba amma mun daɗe a tsaye.

Kuma in hira ta yi nisa kar ka yi wasa da zancen nukiliya. Faransa ta yi gwaji 193 a tsibiran Moruroa da Fangataufa daga 1966 zuwa 1996, bayan ta baro saharar Aljeriya inda ta fara a 1960, gwajin da ya sa Najeriya ta kori jakadan Faransa a 1961. Nesa ne da Bora Bora sosai, amma ciwon yana ran mutanen yankin har yau.

Biza fa, da fasfo ɗinmu?

Nan ne wahalar take. Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ita kaɗai bata shigar da kai, don yankin baya cikin Shengen, sai ka nemi wadda aka rubuta Folinesiya ta Faransa a ofishin jakadancin Faransa. Sannan duk ƙasar da jirgin ruwan zai tsaya sai ka duba sharaɗinta, haka ƙasar da jirgin sama zai yada zango, misali mai tashi daga Paris zuwa Tahiti yana sauka a Amurka kuma ko wucewa zaka yi sai da bizarsu. Ka fara neman takardu watanni kafin tafiya, kar ka biya kuɗin da ba a mayarwa kafin su fito.

Wane lokaci ya fi?

Mayu zuwa Oktoba, ruwan sama kaɗan ne ga iska. Nuwamba zuwa Afrilu damina ce da gumi. Akwai sauro mai kawo zazzaɓin dengi kuma da rana yake cizo, a tafi da man shafawa.

Waya tana kamawa?

Akwai sabis amma da layin gida kuɗin zai cinye ka, ni kashe data na yi sai da na koma jirgi. Suna bayanmu da awa 11, ƙarfe 12 na rana a can 11 na dare ne a Kano, shi yasa duk wanda na kira da azahar ɗin can sai na tashe shi daga barci.

In mutum ya makara jirgi zai jira shi?

In kana cikin yawon da kamfanin jirgin ya shirya za su jira, in kai ka shirya naka ba ruwansu. Ana rubuta lokacin jirgin fito na ƙarshe a allo a bakin tasha, ka ɗauki hotonsa, ka saita agogonka da na jirgi. In ya tafi ya bar ka sai ka shiga kwalekwale zuwa Motu Mute ka hau jirgin sama, kusan minti 50 zuwa Tahiti, daga nan ka bi shi tasha ta gaba da kuɗin aljihunka, shi yasa ake so ka fita da kwafin fasfo da katin banki da lambar wakilin jirgin da suke bugawa a takardar shirin yini. Mu daga Matira muka tsaya jiran mota kusan minti arba'in babu ko ɗaya mai wuri, sai wani mai a-kori-kura da ya ɗauko buhunan kwakwa ya tsaya ya ɗauke mu a baya har tasha, na miƙa masa kuɗi ya girgiza kai ya ja motarsa. Mun samu jirgin fito na biyun ƙarshe, da yashi a ƙafa da jiƙaƙƙiyar darduma a leda.